Mai Gadin Rumbun Ƙasa: Abin Da Ake Ba Shi Da Abin Da Ake Nema Gare Shi



A wanga wata za mu yi magana bisa ma'aikatan da gwamnati ke ɗauka don su kama ɓarayin dukiyar ƙasa. Kun sha jin sunayen hukumominsu a rediyo: HALCIA, COLDEFF, CENTIF. Sunayen suna da nauyi ga baki, amma aikin mun san shi. Gadi ne. Yadda gari ke sa mutum ya tsare bankin cimaka, haka ƙasa ke sa mutane su tsare baitulmali.

In an zauna kasuwa ko dandali, ana jin magana iri biyu bisa kansu. Wasu na cewa: "Waɗanga mutanen Yamai albashi kawai suke ci, ga mota ga mai, mu kuwa muna nan da hauya." Wasu kuma na cewa: "Ai duk wanda anka ba wanga aiki ya warke, don manyan ɓarayi za su cika mashi aljihu." Maganganun nan biyu tambaya guda ce cikinsu: wa ke ciyar da mai gadi? In ƙasa ta ciyar da shi a fili, na ƙasa ne. In ɓarawo ya ciyar da shi a ɓoye, na ɓarawo ne. Ku biyo mu sannu mu duba.

Dukiyar wa suke tsaro?

Baitulmali rumbun ƙasa ne, kowa na zuba nashi ciki. Akwai lampon da mai gida ke biya. Akwai tikitin da ake yanka ma mai buhun aya a kasuwar Cadawa, da mai rago a kasuwar Gazawa. Akwai kuɗin duwan da ƴan kasuwa ke biya a iyakar Ɗan Isa. Akwai kuɗin uraniyum na Arlit, da na man fetur na Agadem wanda ake tacewa kusa da Damagaram tun shekarar 2011. Wani kuɗin yana shiga asusun gari, wani yana tafiya asusun ƙasa.

Daga nan ake fitar da kuɗin rijiya da famfo, da ginin lakwal, da maganin likita, da allurar dabbobi. Daga nan ake sayen hatsin da ma'aikatar OPVN ke sayarwa da rahusa in bazara ta yi tsanani. Daga nan ake gyaran babbar hanyar kwalta da ta ratsa Gidan Runji da Maraɗi da Cadawa da Agye da Gazawa ta nufi Tasawa.

In anka saci kuɗin nan, ba a jin ƙarar fasa ƙofa. Ɓarawon biro ba ya haura katanga. Yana bisa kujera yake sata da alƙalami, shi ya sa ake ce mashi ɓarawon zaune. Ga kaɗan daga dabarunshi: a sayi tebur jika 10, a rubuta jika 30. A karɓi kuɗin rijiya, rijiya ba a gina ta ba. A rubuta sunan ma'aikacin da babu shi, ana karɓar albashinshi kowane wata. A karkata buhunan rahusa su faɗa shagon ɗan kasuwa.

Abin ya taɓa faruwa a ƙasarmu, kuma ba sau ɗaya ba. A shekarar 2006 anka gano an yi wasa da kuɗin da ƙasashen waje sunka bayar don ma'aikatar ilimin firamare da yaƙi da jahilci. Anka tsare mutum biyu da sunka riƙe ministan ma'aikatar. A watan Mayu na 2007 maganar nan ta sa majalisar dokoki ta kayar da gwamnati. A shekarar 2020 kuma, binciken farko da anka yi bisa sayen kayan soja ya nuna ƙasa ta yi asarar miliyar 76 na sefa.

Mu yi lissafi kamar yadda muke yi bisa allo. Miliyar guda miliyan dubu ce. A misali, mu ce buhun hatsi jika 25 ne. Miliyar 76 za ta sayi buhu miliyan 3 da dubu 40. Wanda ya ga yunwar 2005 a jihar Maraɗi ya san abin da buhu guda ke yi cikin gida. To ashe maganar masu gadin baitulmali maganar tukunyarmu ce.

Yadda hukumomin sunka samo asali

Yaƙi da satar dukiyar ƙasa ya daɗe a Nijar. Ranar 15 ga Afrilu 1974, soja sunka karɓi mulki bisa jagorancin Seyni Kunce, ana tsakiyar babban fari. Cikin dalilan da sunka bayar har da karkatar da abincin taimako. Tsofaffi har yau suna ba da labarin yadda Kunce ke faɗa ma ma'aikata a biro ba tare da sanarwa ba.

A 1991 babban taron ƙasa na Yamai ya kafa kwamitin binciken laifuka da cin zarafin dukiyar jama'a. A 2004 anka yi dokar hana wanke kuɗin haram, wadda ta haifi CENTIF. Aikinta shi ne karɓar labari daga bankuna in sun ga kuɗin da ba su yarda da asalinshi ba, ta bi sawunshi. A 2010, zamanin Salu Jibo, anka kafa kwamitin ƙwato kuɗin gwamnati. A 2011, zamanin Mahamadu Isufu, anka kafa HALCIA, babbar hukumar yaƙi da cin hanci, kuma dokar Disamba 2016 ta ƙara mata ƙarfin bincike. A watan Satumba 2023 gwamnatin Janar Abdurrahman Tiani ta kafa COLDEFF. Mutum 35 anka naɗa, cikinsu da alƙalai da soja da ƴan sanda da wakilan ƙungiyoyin farar hula. Sunka yi rantsuwa a watan Nuwamba na shekarar, Kanar Abdul Wahid Jibo na jandarma ya zama shugabansu.

Kun ga sunaye na sauyawa, gwamnatoci na sauyawa. Abin da ke sa hukuma ta yi aiki ko ta zama kango shi ne mutanen da ke cikinta: yadda ake riƙonsu, da halin da suke riƙe da shi.

Abin da ƙasa ke ba ma'aikaci

Yawancin masu wanga aiki dama ma'aikatan gwamnati ne. An ɗauko su daga kotu, ko jandarma, ko duwan, ko ma'aikatar haraji da ta kuɗi. Ba su ke yanka ma kansu albashi ba. Doka ce ke yankawa, a rubuce. Ga abubuwa bakwai da ke cikin haƙƙin irin wanga ma'aikaci, da amfanin kowane.

Na ɗaya, albashin wata. A ƙasarmu mafi ƙarancin albashi bisa doka ya zama jika 42 tun Janairun 2024. Kafin nan jika 30 ne da ƴan kai. Mai bincike ya fi haka, don ya yi karatu mai zurfi, kuma takardun da ke gabanshi na miliyoyi ne. Abin da ya fi yawan albashin muhimmanci shi ne ya zo kan lokaci.

Na biyu, kuɗin tafiya. Daga Yamai zuwa Maraɗi ya fi kilomita 600. In anka aiko mai bincike ya duba wani aiki a gundumarmu, sai ya sha mai, ya ci abinci, ya sami wurin kwana. In gwamnati ba ta biya ba, wa zai biya? Wanda anka zo bincike shi zai yanka rago, ya shimfiɗa tabarma, ya cika tanki. To daga nan bincike ya ƙare. Hausawa sun ce in baki ya ci, ido sai ya ji kunya.

Na uku, magani da kuɗin iyali. Gwamnati na ɗaukar wani kashi na kuɗin asibitin ma'aikacinta, tana kuma ba shi wani abu saboda ɗiyanshi. Ku tuna, ba kullum kwaɗayi ke karya mutum ba. Wani sai ɗanshi ya kwanta ciwo cikin dare, babu ko dala a gida, ran nan mai cin hanci ke samun ƙofa.

Na huɗu, hutu. Ma'aikaci na da hutun kwana 30 a shekara. Mace ma'aikaciya na da hutun haihuwa na mako 14. Hutu na da wani amfani ga gwamnati ma: in mutum ya tafi, wani na riƙe takardunshi, in akwai ɓarna sai ta fito.

Na biyar, fansho. Kowane wata ana cire wani abu daga albashi ana ajiyewa, asusun CARENI ke biyan tsofaffin ma'aikatan gwamnati. Wannan shi ne rumbun tsufan ma'aikaci. Wanda ya san yana da abin ci in ƙarfi ya ƙare, ba ya gaggawar tara na haram. Kuma ya san in anka kore shi da laifi ya zubar da wahalar shekaru.

Na shida, horo da kayan aiki. Ɓarawon zaune ya iya lissafi, yana da lauya, kuɗinshi na yawo cikin kwamfuta da wayar salula daga wannan ƙasa zuwa waccan. Mai binsa sai ya fi shi sani. Don haka ake tura ma'aikata kwas, ake saya masu mota da kwamfuta. Ba a aika mutum sassabe babu gatari.

Na bakwai, kariya. Wanda ake bincike sau da yawa babban mutum ne, mai kuɗi, mai mutane. Yana iya sa a yi ma mai bincike barazana, ko a nemi a mayar da shi wani wuri mai nisa. In ma'aikaci ya san gobe za a tsige shi don ya taɓa wani babba, zai rufe takarda ya yi shiru. Kariya ita ce doka ta tsaya bayanshi muddin yana kan gaskiya.

Don me za a biya shi da kyau?

Makiyaya sun fi kowa sanin amsar. In gari ya haɗa dabbobinshi ya ba mutum guda kiwo, ana yanka mashi ladanshi: hatsi, ko nono, ko kuɗi. Garin da ke biyan makiyayi kan lokaci yana iya tambayarshi in akuya ta ɓace. Garin da ya bar shi da yunwa, in ya ga an rage garke, da wane baki zai yi magana?

Haka yake ga bankin cimaka. Mun ga garuruwan da sunka ce mai ajiya ya yi aiki don Allah kawai. Mutumin ya bar gonarshi, yana awo tiya-tiya tun safe har la'asar, babu ko sabulu. Shekara ɗaya, shekara biyu, sai a ji buhu ya yi ƙafa. Inda anka yanka mashi lada a gaban taro, anka rubuta cikin littafi, an fi samun zaman lafiya, don kowa ya san iyakar rabon mai ajiya.

Ƙasarmu ta ɗanɗana wannan. A shekarun 1990 ma'aikatan gwamnati sun yi wata da watanni ba albashi. A Janairun 1994 kuma anka karya darajar sefa da rabi, kayan waje sunka yi tsada. Ma'aikaci ya rasa abin kai gida. Wasu sunka daure, wasu sunka fara neman "na goro" kafin su sa hannu ga takarda. Mugun hali kuwa kamar ƙuduji yake a gona: shigarshi da sauƙi, fitarshi da wuya.

Addini ma ya san da wannan. Cikin kashi takwas na waɗanda ake ba zakka, har da ma'aikatan da ke tattara ta. Malamai sun ba mu labari cewa da Sayyadina Abubakar ya zama halifa, ya ɗauki kayanshi zai tafi kasuwa kamar yadda ya saba. Sahabbai sunka yanka mashi abin masarufi daga baitulmali don ya zauna ga aikin jama'a. Ashe biyan mai riƙon amana ba ɓarnar dukiya ba ce. Shinge ne ake yi ma dukiyar.

Amma albashi kaɗai bai isa ba

Kada mu ruɗi kanmu. Manyan ɓarayin dukiyar ƙasa ba mayunwata ba ne. Da albashinsu, da gidajensu, da motocinsu. Kuma babu gwamnatin da za ta iya biyan mai bincike abin da babban ɓarawo zai iya miƙa mashi cikin dare ɗaya. Albashi yana tsare mutumin kirki daga matsi. Mai kwaɗayi kuwa ko an ba shi rumbu zai nemi na maƙwabci. Don haka ake neman hali.

Ga misali daga maƙwabtanmu na Najeriya. A 2003 hukumarsu ta yaƙi da satar kuɗi, EFCC, ta fara aiki, Nuhu Ribadu ɗan jihar Adamawa ke shugabanta. Daga baya ya shaida gaban kotu a Ingila cewa a 2007 an kawo mashi dalar Amurka miliyan 15 cikin jaka, wajen miliyar 7 na sefa ke nan, don ya bar binciken James Ibori wanda ya yi gwamnan jihar Delta. Ribadu ya ce ya sa anka kai kuɗin babban bankin ƙasa anka ajiye a matsayin shaida. A 2012 kotun Ingila ta ɗaure Ibori shekara 13 bayan ya amsa laifin almundahana da wanke kuɗi.

Ku dubi abu biyu cikin labarin nan. Na farko, albashin Ribadu na duk rayuwarshi bai kai abin da ke cikin jakar ba, ashe hali ne ya tsayar da shi. Na biyu, a ƙarshen 2007 anka ɗauke shi daga kujerar, a 2008 anka rage mashi girma, daga baya ya bar ƙasar na wani lokaci yana cewa ana neman ranshi. Mutum ya riƙe gaskiya, kariya ta gaza. Ƙananan ma'aikata suna kallo, kuma suna ɗaukar darasi.

Halaye shida da ake nema

Na ɗaya, amana. Ma'aikatan irin waɗanga hukumomi suna rantsuwa kafin su kama aiki. Rantsuwa ba wasa ba ce. Wanda ya rantse ya ci amana, in ya tsira gaban alƙali bai tsira gaban Allah ba.

Na biyu, ƙin karɓar kyauta. Wannan shi ne mai wuya gare mu, don kyauta al'adarmu ce. Baƙo ya zo, a ba shi kaza, a ba shi zabo. Amma akwai ma'auni mai sauƙi: da ba ya riƙe da wanga aiki, da an kawo mashi? Malamai na karantar da mu cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya taɓa aiken wani mutum karɓar zakka. Mutumin ya dawo ya ware wani kashi ya ce kyauta ce anka yi mashi. Annabi bai yarda ba, ya nuna cewa aikin ne ya jawo kyautar. Hausawa kuma sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi mashi aski.

Na uku, riƙon asiri. Mai bincike na ganin abin da ke cikin asusun mutane, yana kuma sanin wanda ya kawo ƙara. In bakinshi bai da ƙofa, ɓarawo zai ji labari ya ƙone takardu, mai ƙara kuma ya shiga uku. Doka ta ɗora ma ma'aikatan nan riƙon asiri, kuma tana hukunta wanda ya fasa.

Na huɗu, rashin son kai. A ƙasarmu kowa ɗan uwan wani ne. In takardar da ke gaban ma'aikaci ta surukinshi ce, ko ta abokin kasuwancinshi, abin da ya dace shi ne ya faɗa ma shugabanshi, a ba wani. Jama'a sun daɗe suna kuka cewa tarun gwamnati ƙananan kifi yake kamawa, manya su yage shi su wuce. Wasu kuma na cewa wanda ya ɓata da masu mulki kaɗai ake bi. Babu abin da zai kashe wannan magana sai a ga an auna kowa da tiya guda.

Na biyar, adalci ga wanda ake tuhuma. Tuhuma ba laifi ba ce sai kotu ta tabbatar. Hukumar bincike tana tara shaida, alƙali ke yanke hukunci. Ana yi ma mutane ƙazafi saboda hassada, ko rikicin gona, ko siyasa. Mai bincike nagari yana sauraron ɓangare biyu. In ya ga mutum ba shi da laifi, sai ya faɗa a fili kamar yadda anka faɗi tuhumar a fili.

Na shida, yarda a bincike shi. Wanzami ba ya son jarfa, amma a wanga aiki dole ya so. Wanda ke tambayar mutane inda sunka sami dukiya, sai ya yarda a tambaye shi inda ya sami tashi. A Janairun 2025 hukumar EFCC ta sanar cewa ta kori ma'aikatanta 27 cikin shekarar 2024 saboda zamba da rashin ɗa'a. Abin kunya ne, amma ya fi a rufe. Gidan da ke share kanshi shi ke iya ce ma maƙwabci ya yi shara.

Wa ke gadin mai gadi?

Amsar tana nan kusa da mu. A Ɗan Saga, cikin gundumar Agye, mutane sun yi suna wajen raya itatuwa cikin gonaki, har baƙi na zuwa daga ƙasashen waje su gani. Ba mutum guda sunka ɗora ma tsaron itatuwan ba. Kwamiti sunka kafa, da maza da mata da makiyaya, da dokokin da gari ya yarda da su. Kowa na ganin kowa.

Bankin cimaka mai kyau ma haka yake. Mai mabuɗi dabam, mai littafi dabam, mai riƙon kuɗi dabam. Ba a buɗe ƙofa sai da shaidu. Ƙarshen shekara a tara gari a karanta lissafi da ƙarfi.

Abin da ke gyara bankin gari shi ke gyara hukumar ƙasa. Kada mutum guda ya riƙe bincike shi kaɗai. Kuɗin da anka ƙwato a zuba su baitulmali da takarda, a faɗa ma jama'a nawa ne da abin da anka yi da su. Kotu ta duba aikin masu bincike. Ƴan jarida su yi tambaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Namu rabon aikin

Mutum 35, ko 350, ba su iya tsare dukiyar ƙasa mai faɗin Nijar. Ba su san buhu nawa ya iso garinku ba. Ku kunka sani. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari: mai ba da cin hanci da mai karɓa duka doka na kama su. Ga abin da kowane mai karatu zai iya yi.

In kun biya lampo, ko tikitin kasuwa, ko kuɗin allurar dabbobi, ku karɓi takarda. Ku karanta adadin da anka rubuta, ku gwada da abin da kunka bayar. Ku adana takardar cikin leda.

In an kawo hatsin rahusa ko takin zamani, ku tambayi buhu nawa anka aiko ma garin, kuma nawa ne farashin da gwamnati ta yanka. Mai karatu guda ya rubuta cikin littafi, da ranar da kayan sunka iso.

In ana ginin aji ko rijiya, ku karanta allon da anka kafa bakin aikin, in akwai shi. Ku duba sunan mai aikin da ranar da ya ce zai gama. In siminti na komawa kasuwa, ku rubuta abin da kunka gani da idonku.

Kada ku sa hannu ko ku dangwala yatsa bisa takardar da ba ku san abin da ke cikinta ba. A karanta maku ita tukuna. Takardar da babu adadi cikinta, kada ku taɓa ta.

In mai bincike ya sauka garinku, ku ba shi ruwa, ku ba shi gaskiya. Kada ku haɗa mashi kuɗi, kada ku ɗaura mashi rago a mota. Gwamnati ta riga ta biya tafiyarshi da kuɗinku. In wani ya zo ya ce shi ɗan hukuma ne, ku nemi ganin takardar aikenshi. In ya nemi kuɗi don ya kashe magana, ku sanar da mai gari da perfe ko jandarma, don akwai ƴan damfara masu yawo da sunan hukuma.

In za ku kai ƙara, ku tafi da shaida: rana, wuri, adadi, takarda. Ku tafi ku biyu ko uku, ko da sunan ƙungiyarku. Kada a kai ƙarar ƙarya don a ɓata wani. Mai ƙazafi ma maci amana ne.

A nan za ku ga amfanin karatun da muke yi da rani. Ɓarawon zaune ya dogara ne bisa abu guda: cewa talaka bai iya karanta abin da anka rubuta da sunanshi ba. Duk wanda ya koyi karatu da lissafi ya rage mashi wurin ɓuya.

Tambayoyi don mahawara a cibiya

Malamai da ɗalibai, bayan kun karanta, ku tattauna waɗanga tambayoyi. Mai ajiyar bankin cimakarku, nawa ne ladanshi, kuma an rubuta shi? Mutum nawa ke riƙe da mabuɗi? Yaushe anka karanta lissafi gaban gari? Mene ne bambancin kyautar zumunci da cin hanci? Ku rubuto ma jarida amsoshinku da hannunku, za a buga waɗanda sunka fi ma'ana.

Ranar 9 ga Disamba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da cin hanci ta duniya. Kowace cibiya ta yi ƙoƙari a ranar ta tara gari, a fito da littafin banki da na ƙungiya a karanta.

Ƙasa ta biya mai gadinta haƙƙinshi cikakke, kan lokaci, a fili. Mai gadi ya riƙe rantsuwarshi. Mu kuma mu karɓi takarda, mu karanta, mu tambaya. Allah ya ba shugabanninmu mataimaka nagari, ya tsare mu daga cin haram, ya ba mu damina mai albarka. Amin.

Daga malamin yaƙi da jahilci, gundumar Gazawa.